Ƙaton Jirgin Sama da Masu Jinyarsa a Ƙasa



Duk wanda ya taɓa rakiyar alhazai zuwa filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, ya ga irin jiragen nan ƙirar Boeing 747 da kamfanonin Kabo Air da Max Air suka yi jigila da su, ya san abin da ake nufi da ƙaton jirgi. Galibi matuƙi ake yaba wa idan an sauka lafiya. Amma abin da nake so mu duba a yau shi ne aikin da ake yi wa jirgi yana ƙasa, domin a nan ne ake yanke hukuncin ko zai sake tashi. Zan ɗauki misali da Airbus A380, wanda ya fi kowane jirgin fasinja girma.

Wannan jirgi bene ne hawa biyu tun daga goshi har wutsiya. Faɗin fukafukansa ya kusa mita 80, tsayinsa daga ƙasa mita 24, yana tsaye a kan tayoyi 22, injinansa huɗu ne. Kamfanin Singapore Airlines ne ya fara ɗaukar fasinja da shi a shekarar 2007. Kafin a ce za a duba shi ma, sai an tanadi rumfar da za ta ɗauke shi, da matakalan da za su kai makaniki saman wutsiya, kuma ba kowane filin jirgi ke da su ba.

Ba a jira jirgi ya lalace sa'an nan a kai shi gareji, kamar yadda muke yi wa motocinmu. Ƙidaya ake yi masa iri biyu, wato sa'o'in da ya yi a sama, da kuma yawan tashi da sauka. Akwai dubawa ta kullum, akwai wadda ake yi bayan 'yan watanni, akwai kuma babba wadda ake yi bayan shekaru, inda za a kwashe kujeru da ɗakunan girki da rufin ciki, a bar gangar jikin tsirara, a bi ta ana neman tsaga da tsatsa. Wasu sassa na inji kuwa suna da wa'adi: da zarar ƙidayarsu ta cika sai a cire su, ko da ido bai ga aibin komai ba.

Inji shi ne ya fi cin kuɗi da hankali. A380 yana amfani da ɗayan iri biyu, Trent 900 na kamfanin Rolls-Royce da ke Ingila, ko GP7200 wanda General Electric da Pratt & Whitney na Amurka suka haɗa gwiwa suka ƙera. Fankar da ke gaban kowanne ta kusa mita 3 a faɗi. Ba kullum ake sauke shi ba. Akan zura wata siririyar na'ura mai ido ta ƙananan ƙofofi a leƙa cikinsa, kamar yadda likita yake leƙa cikin majinyaci. Yawancin kamfanoni ma yarjejeniya suke yi da maƙerin injin, su riƙa biyansa bisa kowace sa'ar da injin ya yi aiki, shi kuma ya ɗauki nauyin gyara. Hikimar wannan ita ce, lalacewar inji ta zama asarar wanda ya ƙera shi.

Domin a ga yadda ƙaramin abu yake kada babba, sai mu tuna ranar 4 ga Nuwamba, 2010. Wani A380 na kamfanin Qantas ya tashi daga Singafo zuwa Sidni da mutum 469, bayan 'yan mintoci sai injinsa na biyu ya fashe, ɓaraguzan suka huda fiffike, suka yanke wayoyi. Matuƙan suka komo da shi Singafo, ba a rasa rai ko ɗaya ba. Da aka bincika, sai aka tarar ashe wani ɗan bututun mai ne aka huda shi a karkace tun a masana'anta, gefe guda ya yi sirara, ya tsage, mai ya zuba ya kama wuta. Qantas ta ajiye jiragenta shida na wannan ƙira har aka duba su. A wajen gyaran wannan jirgin kuma aka gano ƙananan tsagogi a ƙarafan da ke riƙe haƙarƙarin fiffike, abin da ya sa a 2012 aka ba da umurnin duba dukkan jiragen A380.

Sai batun kayan gyara, wanda a ganina shi ne zai ƙaddara tsawon ran wannan jirgi. Airbus ta sanar a 2019 cewa za ta daina ƙera shi, ta miƙa na ƙarshe a Disamba 2021. Duka-duka 251 aka sayar, 123 daga ciki kamfanin Emirates na Dubai ne ya karɓa. Idan aka gwada da 747, wanda aka ƙera 1,574 kafin a rufe shi a 2023, za a ga kasuwar ƙanƙanuwa ce, kuma maƙeri ba ya ɗokin buɗe masana'anta saboda abokin ciniki ƙalilan. Saboda haka sai aka koma ga tsofaffin jiragen. A 2019 aka farke A380 na farko a garin Tarbes na Faransa, jirgin da bai wuce shekara goma yana aiki ba, aka sayar da sassansa ga masu neman su.

To, amma kada a ɗauka wannan kasuwa irin ta 'yan gwangwan ce. Kowane sashe yana tafe da takardunsa, masu nuna inda aka ƙera shi, da jirgin da ya hau, da sa'o'in da ya yi, da sa hannun injiniyan da ya duba shi. Birki ko famfon da takardarsa ta ɓata, komai kyansa, doka ba ta yarda a ɗaura shi a jirgin da zai ɗauki mutane ba, sai an sake tabbatar da asalinsa, in kuwa an kasa, a lalata shi don kada ya koma kasuwa.