Ko Kun Sani?

Gasasshiyar kaza a kantunan Costco na Amurka tana nan a kan dala 4.99 tun shekarar 2009. Abincin kaji ya yi tsada, albashin ma'aikata ya ƙaru, amma kuɗin kazar ko gezau. Don kada tsadar kaji ta tilasta masa ƙarin farashi, kamfanin ya gina katafariyar mayankarsa a garin Fremont na jihar Nebraska. Ta fara aiki a 2019, kuma tana iya gyara kaji kusan miliyan 2 a mako.

Ba sadaka ba ce, dabarar kasuwa ce. Galibi ba a sayayya a Costco sai da katin zama mamba, wanda mafi araharsa ya koma dala 65 a shekara tun watan Satumba na 2024, kuma kaso mai tsoka na ribar kamfanin daga kuɗin katin nan yake fitowa. Ita kuwa kazar, can ƙuryar kanti ake ajiye ta. Kafin mutum ya kai wurinta ya ratsa layin kaya iri-iri, sau da yawa keken sayayyarsa ya cika da abin da bai fito saye ba.