Zoɓo Mai Tsami da Abincin da Ke Tafiya da Shi

Idan an gama yankan gero a gonakin Udubo, cikin Ƙaramar Hukumar Gamawa, yakuwa ce ke ragewa a tsaye a kan iyakokin gona, ta yi jawur. Ganyenta an sha shi a miya tun da damina, irinta kuma zai tafi daddawar batso. Abin da ake ɓarewa a shanya shi ne zoɓo. Mutane kan kira shi fure, amma ɓawon da ke lulluɓe ƙwallon iri ne bayan furen ya kaɗe.

Zoɓo ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai duhu da ake ce wa baƙi, wanda tafi ɗaya nasa ke rina tukunya guda. Akwai ja mai haske, sai kuma fari, wanda ya fi shiga miya da kwaɗo. Jan ya samo asali ne daga wani sinadari da masana ke kira antosayanin, wanda ke sauya launi gwargwadon tsamin ruwan da yake ciki. Kowa zai iya gwadawa a gida: a matsa lemon tsami, zoɓo ya ƙara haske, a jefa ɗan ƙullin kanwa, ya yi duhu, tsamin ya mutu.

Tsamin nan kuwa shi ne amfanin zoɓo a wurin cin abinci. Wanda ya ci masa da man gyaɗa a Azare, ko tsire mai ƙuli-ƙuli, ko balangu mai kitse, ya san yadda maiƙo ke kwanciya a harshe har loma ta biyar ta daina daɗi irin na farko. Kurɓi ɗaya na zoɓo mai tsami yakan tsinko yawu, ya wanke bakin, ya maido da ɗanɗano. Haka yake da ƙosai da dambun nama da soyayyen kifi. Kilishi ma, da yake yana da ɗan zaƙi-zaƙi da yaji, ya fi son zoɓon da aka rage wa citta da kanumfari, don kada yaji ya hau kan yaji.

Inda bai dace ba shi ne kan abin da tuni yake da tsami, kamar miyar yakuwa ko kunun tsamiya. Da nono kuma bai haɗa hanya ba.

Abin takaici, zoɓon da ake ƙullawa a leda ko a dura a gora yau sukari ya cinye shi, ga kayan ƙamshi na kanti. Irin wannan ba ya wanke maiƙo, sai dai ya ƙara wa baki nauyi. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci babban mutum da kada sukarin da yake sha a yini ya wuce kimanin giram 50, wato wajen ƙananan cokula 12.

Game da hawan jini kuwa, a 2010 masu bincike na Jami'ar Tufts a Amurka sun wallafa gwajin da suka yi da mutum 65: waɗanda suka sha kofi uku na zoɓo kullum har mako shida, ma'aunin jininsu na sama ya sauka da kusan maki 7. Saboda haka mai shan maganin hawan jini ya tuntuɓi likita kafin ya mayar da shi ruwan sha.

Wannan zoɓon da ake aunawa a mudu shi ne 'yan kasuwa ke tattarawa a Jigawa da Kano, a loda shi zuwa Meziko, inda ake kiransa ruwan Jamaika, kuma da abinci ake shan sa a can. A nan gida kuwa, masu dafa zoɓo a ƙasar Katagum su ware wa masu saye gora ɗaya mai ƙarancin sukari, musamman a gefen teburin mai tsire da mai masa.