Gajeren fim da labarin Duza

A ma'aunin masu kyautar Oscar, gajeren fim shi ne wanda bai wuce minti 40 ba. Ba shi da kasuwa irin ta masu dogon zango, don haka bukukuwa kamar Zuma a Abuja da KILAF a Kano ne dandalinsa.

Labarin ɗauka kuwa yammacin Zamfara na da shi. A 2010 aka gano gubar dalmar da ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, har da Duza. A lokacin, a tsakar gida ake niƙa duwatsun zinariya masu ɗauke da dalmar, yara na rarrafe cikin ƙurar. Human Rights Watch ta yi gajeren bidiyo a kai a 2012. Saura matasan yankin su ɗauki kyamara, su ba da labarin da bakinsu.