Bin sawun iska: Daga ina hazon da ke lulluɓe Zaitawa yake tasowa?

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, shara ba ta ƙarewa a Zaitawa da sauran unguwannin cikin birnin Kano. A share tsakar gida da safe, kafin la'asar farar ƙura ta sake kwanciya a kan randa da tabarma da kayan shanya. Ran da hazo ya yi kauri, Dutsen Dala kan ɓace wa ido, jirage su kasa sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano, masu asma kuma su kwana zaune.

Idan aka tambaya, amsar ɗaya ce: hunturu ne. Amma ƙurar nan tana da asali, kuma masana yanayi sun san hanyar gano shi.

Dabarar ta yi kama da ta masu bin sawun dabbar da ta ɓace. Mai bincike zai zaɓi wuri, a ce Kano, ya zaɓi rana da sa'a, da kuma tsayin da yake so a sararin sama, misali mita 500. Daga nan kwamfuta za ta ɗauki bayanan ƙarfin iska da inda ta fuskanta, ta riƙa komawa baya sa'a bayan sa'a: ina wannan iskar take awa ɗaya da ta wuce, ina take jiya, ina take shekaranjiya. Sai ta zana layi a kan taswira. Manhajar da aka fi amfani da ita, HYSPLIT, ta hukumar NOAA ce ta Amurka, kuma ɗalibin jami'a na iya shiga ya gwada ta kyauta a intanet.

Idan aka ja irin wannan layin daga Kano a ranakun hazo mai kauri, galibi arewa maso gabas yake nufa, ya ratsa kudu maso gabashin Nijar, ya dire a kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, fiye da kilomita 1,000 daga Zaitawa.

Shekaru dubbai da suka wuce, kwarin nan yana ƙarƙashin ruwa ne, lokacin da Tafkin Chadi ya ninka girmansa na yau nesa ba kusa ba. Da ruwan ya janye, sai ya bar ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa, fari fat, mara nauyi, mai rugurgujewa kamar alli. Ga shi kuma kwarin yana bakin wata kafa ce tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi. Iska na matsowa ta wannan kafa kamar ruwa a indararo, ta fito da ƙarfi ta kwashi garin ta yi sama da shi. An ƙiyasta hakan na faruwa kusan kwana 100 a shekara. Ke nan wani ɓangare na abin da uwargida ke sharewa a Zaitawa, ƙasan tsohon tafki ne.

Amfanin wannan sani na farko shi ne gargaɗi. Layin da ake ja baya, ana iya jan sa gaba. Shi ya sa sanarwar Hukumar Hasashen Yanayi ta Najeriya, NiMet, kan ambaci Faya-Largeau, garin da ke kusa da kwarin: idan ƙura ta tashi a can, cikin kwana ɗaya zuwa biyu ana sa ran ta a jihohin Arewa. Wannan tazarar ta isa kamfanin jirgi ya gyara jadawalinsa, mai asma ya nemi maganinsa, iyaye su tanadar wa yara takunkumi.

Ba ƙura kaɗai ake bi ba. A ranar 28 ga Afrilun 1986, na'urori a tashar nukiliya ta Forsmark a Suwidin suka nuna burɓushin guba. Da aka duba inda iskar ta fito, sai ta nuna Tarayyar Sobiyet, wadda ba ta riga ta sanar da fashewar Chernobyl ba.

Dabarar ta kuma taɓa rage wa Bodele suna. An daɗe ana cewa ƙurarsa ce ke tsallake Tekun Atlantika ta zama taki ga dajin Amazon, har wani bincike na 2006 ya ce kusan rabin ƙurar da ke sauka a dajin daga can take. A 2020 wasu masana suka haɗa hotunan tauraron ɗan'adam da bin sawun iska, suka ce akasarin ƙurar Bodele tana zubewa tun a hanya, wadda ke isa Amazon kuwa ta fi fitowa daga El Djouf, tsakanin Mali da Muritaniya. Kano tana kan hanyar da ake magana.

Sai dai layin taswira yana da iyaka. Tashoshin auna yanayi sun yi ƙaranci a Sahara, kuma kuskuren lissafin yakan kai kashi 15 zuwa 30 cikin 100 na nisan tafiyar. Bayanan da ake ɗora wa manhajar ma na faɗin kilomita gommai ne, don haka ba ta bambanta Zaitawa da Fagge.

Abu mafi muhimmanci, layin yana faɗin inda iska ta biyo ne, ba ya faɗin abin da ta ɗebo a ƙarshen tafiya. Da sanyin asuba iskar ƙasa kan tsaya cik, hayaƙin janareta da na adaidaita sahu da na bolar da aka cinna wa wuta su taru a lunguna, su gauraya da baƙuwar ƙura. Ɗora wa Chadi duk tarin da ake yi a cikin gari rashin adalci ne. Raba na gida da na waje kuwa sai an kafa na'urar tace iska a unguwar kanta, a kai abin da ta tara ɗakin gwaji, sannan a gwama sakamakon da layin ranar.