Ko Kun Sani? Tafkin Larnaka Sai da Hunturu

Ko kun san cewa a tsibirin Saifurus, wanda Larabawa ke kira Kubrus, ruwan sama da hunturu yake sauka? Masu yawon buɗe ido kan cika bakin tekun Bahar Rum a Yuli da Agusta, amma idan suka leƙa tafkin gishiri da ke daf da filin jirgin saman Larnaka, busasshen fili za su tarar, fari fat da ɓawon gishiri.

Daga wajen Nuwamba tafkin yake cika. Sai dubban tsuntsayen filamingo su sauka, masu dogon wuya da ƙafafu kamar sillen kara, su zauna har kusan Maris. Za ka gan su sun tsoma kai cikin ruwa, baki a kife, suna tace ƙananan jatan lande. Irin wannan cima ce ke rina gashinsu ya yi ja-ja. A gaɓar tafkin kuma ga masallacin Hala Sultan Tekke cikin itatuwan dabino, inda ake cewa nan ne kabarin sahabiya Ummu Haram bint Milhan, wadda ta faɗo daga kan dabbar hawanta ta rasu a zamanin halifancin Sayyidina Usman. A ganina wannan kaɗai ya isa dalilin zuwa da sanyi, ga kuɗin otal ya sauka.

Sai dai a riƙe rigar sanyi. Ƙololuwar duwatsun Troodos da ke tsibirin, mai tsayin mita 1,952, dusar ƙanƙara kan lulluɓe ta a Janairu da Fabrairu.