Ladi: Sunan da 'yan zamani ke gudu, alhali yana cikin aljihunsu

In kana son ka tayar da ƙura a Facebook ko TikTok, ba sai ka taɓo siyasa ko ƙwallo ba. Ka tambayi matasa kawai ko za su iya kiran 'yarsu ta fari Ladi. Nan take za ka ga an rabu. Wasu su ce Allah ya kiyaye, wannan ai sunan kakanni ne. Wasu su ce sunan ƙauye ne, na mai tallan gyaɗa. 'Yan kaɗan su ce su fa sunan yana tuna musu da gwaggo ko innar da ta goya su, kuma ba su ga aibinsa ba. Abin dariyar shi ne, yawancin masu kushen, in ka bi salsalar gidansu, ba za ka rasa Ladi ɗaya ko biyu ba.

A ƙasar Zuru da ke kudancin jihar Kebbi, maganar ta wuce ta daɗin suna ko rashin daɗinsa. A can, Ladi na cikin 'yan sunayen da in ka ji su ba za ka iya cewa mai su Musulma ce ko Kirista ba. Wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne a zamanin da ake duba sunan mutum tun kafin a saurari abin da zai faɗa.

Daga ina sunan ya fito?

Ladi sunan rana ne. Yarinyar da aka haifa ranar Lahadi ita ce Ladi, wasu su shagwaɓa shi su ce Ladidi ko Ladingo. Namijin kuma Ɗanladi. Ita kanta kalmar Lahadi daga Larabci Hausa ta aro ta, daga al-ahad, wato ɗaya, domin ita ce rana ta farko a lissafin mako. Ke nan in aka bi diddigi, Ladi na nufin 'yar rana ta ɗaya.

Kowace rana da 'yarta. Litinin ta ba mu Tani da Altine, Talata ta ba mu Talatu, Laraba ta ba mu Larai da Balaraba, Alhamis Lami, Juma'a Jummai, Asabar kuma Asabe. Bayan su akwai sunayen yanayi: Azumi ga wadda ta zo a watan azumi, Tasalla ga ta ranar Sallah, Kande ko Delu ga macen da ta biyo bayan maza, Gambo ga wanda ya biyo tagwaye, Auta ga na ƙarshe.

A gidan Bahaushe Musulmi, galibi waɗannan ba su ne sunan yanka ba. Sunan yanka shi ne wanda ake raɗawa ranar bakwai, a yanka rago, liman ya yi addu'a: A'isha, Hauwa'u, Maryam, Zainab. To amma kunya ta hana uwa kiran sunan 'yarta ta fari, ta kuma hana suruka kiran sunan uwar mijinta in ita aka yi wa takwara. Sai a nemi alkunya. Sunan rana shi ne mafi sauƙi, tunda kowa ya san ranar da aka haihu. A haka mace za ta girma, ta yi aure, ta yi jikoki, unguwa ba ta san sunanta na yanka ba sai ranar da aka nemi takardunta.

Ba mu kaɗai ke wannan al'ada ba. 'Yan ƙabilar Akan ta ƙasar Gana suna kiran macen Lahadi Akosua ko Esi, namiji Kwasi. Kofi Annan, wanda ya shugabanci Majalisar Ɗinkin Duniya daga 1997 zuwa 2006, Kofi ɗin nasa daidai yake da Ɗanjuma. Kwame Nkrumah kuwa Ɗan'asabe ne. Ba su ɓoye sunayen ba, da su duniya ta san su. Sai dai a lura, in ka ji Bayarabe namiji ana ce masa Ladi, wannan daban ne, gajarta sunaye irin su Oladipo ce, ba ta da alaƙa da Lahadi.

Abin da sunan ke yi a Zuru

Masarautar Zuru ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu: Zuru, Fakai, Sakaba da Danko/Wasagu. Mafi rinjayen mutanenta su ne waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, su kuma suna kiran kansu Lelna, harshensu C'lela. Akwai Fakkawa, da Dukkawa, da Kambari, da Hausawa da Fulani. Hausa ita ce harshen kasuwa da tasha da ya haɗa kowa. An san yankin da noma, da bikin Uhola, da al'adar golmo inda saurayi ke yi wa iyayen budurwa noma na shekaru kafin a ba shi aure, sannan da aikin soja.

Abin da baƙo ke saurin lura da shi a Zuru shi ne yadda addini ya ratsa cikin gidaje. Za ka tarar da gida ɗaya, wa Musulmi, ƙane Kirista, kaka kuma ta tsaya kan gargajiya. Ana cin naman Sallah tare, ana cin shinkafar Kirsimeti tare. A irin wannan gida, sunan rana ya zama tabarmar da kowa ke iya zama a kai. Kirista na sa wa 'yarsa Ladi da farin ciki, domin Lahadi ce ranar ibadarsa, kuma a wajensa sau da yawa shi ne ainihin sunan da ke kan takarda. Musulmi na kiran tasa Ladi domin ran nan Allah ya kawo ta. Kaka ba ta buƙatar karya harshe kafin ta kira jikarta.

Ko sunayen manyan yankin sun nuna wannan cuɗanya. Dubi Laftanar Janar Ishaya Bamaiyi, ɗan Zuru da ya riƙe shugabancin sojojin ƙasa na Najeriya daga 1996 zuwa 1999. Ishaya sunan annabi ne yadda Littafi Mai Tsarki na Hausa ya kawo shi, Bamaiyi kuwa Hausa ce tsantsa, ba mai yi sai Allah. Ko marigayi Manjo Janar Tanko Ayuba, wanda ya yi gwamnan soja a Kaduna, daga baya ya zama sanata. Tanko shi ne namijin da ya biyo bayan mata, ɗan'uwan Kande ke nan a tsarin suna.

Yanzu ku leƙa ajin 'yan firamare. A ɓangaren Musulmi, Amira ce, Hanan, Ilham, Afnan, Nihal. A ɓangaren Kirista, Favour ce, Precious, Miracle, Blessing. Sunaye ne masu kyau, ba wanda ya ce a'a. Amma da malami ya buɗe rajista, kafin yaran su ɗaga hannu ya riga ya raba su gida biyu. Sunayen tsakiya, su Ladi da Lami da Talatu, suna ta janyewa zuwa layin gwaggo da kaka.

Me ya jawo ƙyamar?

Na farko, an jingina sunan da talauci. Iyalan da suka fara shiga boko da birni su ne suka fara ajiye sunan rana, sai ya fi zama a karkara. Daga nan aka fara jin sa kamar alamar wanda bai waye ba.

Na biyu, wasan kwaikwayo da barkwanci. In ana son a nuna 'yar aiki ko baƙauyiya, da wuya a ce mata Amira. Ladi ce, ko Kande, ko Talatu. Yaron da ya taso yana kallon wannan, kunnensa ya riga ya yanke hukunci tun bai san ma'anar sunan ba.

Na uku, akwai masu ganin sunan ba na addini ba ne. Gaskiya ne Musulunci ya kwaɗaitar da a zaɓa wa yaro suna mai kyau, kuma ya tabbata Manzon Allah (SAW) ya canja wa wasu sunayen da ma'anarsu ba ta dace ba, kamar 'yar Sayyidina Umar da sunanta ke nufin mai saɓo, ya mayar da ita Jamila. Amma ma'anar ake dubawa. Wace muguwar ma'ana ce a cikin an haife ta ranar Lahadi? Balle ma a yawancin gidaje laƙabi ne da ke tafiya tare da sunan yanka. Kuma mu faɗa wa juna gaskiya, da yawa daga sunayen da ake yayi yanzu, a fim ɗin Indiya ko na Turkiyya aka tsinto su, ko a waya, iyayen ma ba su tambayi ma'anarsu ba.

Na huɗu kuma mu ne, 'yan soshiyal midiya. Fatima ta koma Teemah, Zainab ta koma Zee, A'isha ta koma Eesha. A wannan kasuwar, wa zai saya in an kawo Ladi?

Ladin da ke bayan naira ashirin

Ku ciro takardar naira ashirin ku juya bayanta. Matar da ke zaune tana ginin tukunya, Ladi ce. Ladi Kwali, Bagwariya, an haife ta wajajen 1925 a garin Kwali da ke cikin Babban Birnin Tarayya na yanzu. Ba ta yi boko ba. A gida ta koyi ginin tukwane tun tana yarinya, har Sarkin Abuja na lokacin, Alhaji Sulaimanu Barau, ya riƙa tara tulunanta a fadarsa. A can wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, ya gan su. A 1954 ta shiga cibiyar koyon ginin tukwane da ya kafa a Abuja ta da, wadda ake kira Suleja yanzu, ita ce mace ta farko a wurin.

An baje kolin aikinta a Landan, ta zaga Turai da Amurka tana nuna yadda ake gini da hannu. Ingila ta ba ta lambar MBE a 1963. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta a 1977. A 1980 ta samu lambar NNOM, wadda Najeriya ke bai wa gwanayen ilimi da fasaha. Ta rasu a Minna ranar 12 ga Agusta, 1984. A watan Maris na 2022 kamfanin Google ya sa hotonta a shafinsa na farko don tunawa da ita. Duk wannan da sunan Ladi ta yi shi, ba ta yi masa kwaskwarima ba.

Wannan labari ya kamata ya taɓa 'yar Zuru fiye da kowa, domin yumɓu ba baƙo ba ne a wajen matan yankin. Matan Dakarkari sun shahara da gina tukwane da siffofin yumɓu da ake ɗorawa a kan kaburburan manyan mutane, har wasu daga cikinsu suna ajiye a gidajen tarihi na ƙasashen waje. Sana'ar da ake yi wa kallon ta ƙauye, da sunan da ake yi wa kallon na ƙauye, su ne tare a kan kuɗin ƙasa.

Ba ita kaɗai ba ce. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, 'yar gwagwarmayar NEPU da ta sha ɗauri saboda 'yancin mata, sunanta na yanka Hajaratu. Gambo laƙabi ne don ta biyo tagwaye, kuma da shi tarihi ya riƙe ta. A Kannywood ma akwai dattijuwa Ladin Cima, wadda hirarta da BBC Hausa a Fabrairun 2022 kan ɗan abin da ake biyan tsofaffin 'yan wasa ta girgiza masana'antar.

Inda ya kamata a yi hattara

Akwai matsala ɗaya ta gaske da sunan rana ke jawowa, kuma ba ta da alaƙa da gayu. Ita ce ta takardu. Yarinya a gida Ladi ce, yayanta ya kai ta firamare ya rubuta Ladi, a takardar haihuwa kuma Hauwa'u ce, a banki an haɗa biyun. Ba a ganin illar sai an zo rajistar JAMB, wadda tun 2021 ba a yin ta sai da lambar NIN, ko buɗe asusun banki, ko neman gurbi a Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke nan Zuru. Sunaye suka saɓa, sai a shiga zaryar kotu don takardar rantsuwa, da buga sanarwa a jarida, da kashe kuɗin da ba a shirya ba. Wata har shekara take rasawa.

Maganin ba shi ne a jefar da sunan ba. A zauna tun yarinya na jaririya a tsayar da abin da za a rubuta, da yadda za a jera shi, a bi shi a ko'ina. In ana son Ladi ya shiga takarda, a sa shi a tsakiya tun daga takardar haihuwa: Maryam Ladi, ko Rifkatu Ladi. Ku da kuka girma kuma, ku ɗauko takardunku yau ku gwada su, kada ku bari sai ana gobe rufe rajista.

To, a sa ko kar a sa?

Ba wanda zai tilasta wa wani. Suna haƙƙin yaro ne a kan iyaye, kowa da abin da ya kwanta masa. Wanda ya ga Amira ko Favour ta fi masa, Allah ya raya. Abin da bai dace ba shi ne a mayar da sunan wata abin tsokana a aji ko a ƙarƙashin hotonta, har ta kai yarinya na jin nauyin faɗin sunanta a gaban mutane. Wadda kake yi wa dariya, wataƙila kakarta ce ta raɗa mata, kuma shi ne abin da ya rage mata na tsohuwar.

Ga matasan Zuru da ke shirin zama iyaye, lissafin ya ɗan fi haka nauyi. Kun gaji gidajen da Musulmi da Kirista ke cin tuwo a kwano ɗaya, abin da garuruwa da yawa suka rasa. Sunaye irin su Ladi, Lami da Jummai na cikin ƙananan zaren da suka ɗinke wannan zama. Ba a rubuta su a wata doka ba, in aka daina kira, shi ke nan sun tafi. Ba abin da zai ragu in Ilham ta tashi tana amsa Ladi a wajen kakarta, ita ma Precious ta maƙwabta haka.

Wanda bai san ranar da aka haife shi ba, ya tambayi mahaifiyarsa yau. Kwanan wata na iya ɓace mata, amma ranar da wuya.