In An Ce "Bincike Ya Gano Alaƙa", Tambayi Wace Iri

Kwanakin baya wani saƙo ya zagaya wayoyinmu a nan Ojoo, wai bincike ya gano alaƙa tsakanin cin nama da hawan jini. Baba ya dawo daga kara a Akinyele ransa a ɓace, ya ce in mutane suka ɗauka, mahauta za su rage saye, mu kuma shanu su zauna mana. Shi ya sa na zauna na bi diddigin kalmar nan "alaƙa".

Masu binciken lafiya suna da awo iri biyu. Na farko shi ne koraleshan. Aikinsa kawai ya gaya maka ko abu biyu suna tafiya tare. Lambarsa tana tsakanin -1 da +1: in ta kusa +1 suna hawa tare, in ta kusa -1 ɗaya na hawa ɗaya na sauka, in ta tsaya wajen sifili, to kusan ba ruwan wani da wani.

Na biyu shi ne rigireshan, sunan da ya samo asali daga aikin wani Bature, Francis Galton, a 1886, kan tsawon iyaye da na 'ya'yansu. Shi wannan yana gaya maka nawa ne. Duk ɗan kara ya san sa mai faɗin ƙirji ya fi nauyi. Wannan koraleshan ke nan. Amma igiyar awon da likitan dabbobi ke zagaya wa ƙirjin sa, ya karanta ya ce kilo kaza ne, da rigireshan aka yi ta.

Babban amfaninsa, yana iya ware abubuwan da suka cakuɗe. Misali, furfura da hawan jini suna tafiya tare. To, in Alhaji ya rina gemu, jininsa zai sauka? Ina! Shekaru ne suka kawo duka biyun. In aka sa shekaru cikin lissafin, galibin alaƙar sai ta zube.

A nan Ibadan ma an yi irin wannan aiki. A 1997 Richard Cooper da Charles Rotimi da abokan aikinsu suka wallafa bincike kan baƙar fata 'yan asalin Afirka ta Yamma, har da mutanen Ibadan. Masu hawan jini sun kai kusan kashi 16 cikin ɗari a Afirka ta Yamma, 26 a tsibiran Karibiyan, 33 a Amurka. Tushe ɗaya, amma ciwo ya bambanta, kuma ƙiba da yawan gishiri suna hawa tare da shi.

Sai dai ko rigireshan bai isa shi kaɗai ya ce "wannan ne sanadi" ba, don abin da aka sa masa kawai yake lissafawa. Mai yawan cin nama, wataƙila ya fi kuɗi, ya fi zama a mota, tsirensa kuma ya sha gishiri da magi.

Saboda haka in irin saƙon nan ya shigo, ka yi tambaya uku: mutum nawa aka gwada? An ware shekaru da ƙiba da gishiri? Haɗarin ya ƙaru da nawa? Kuma kada mu ɓoye bayan lissafi don kasuwarmu: Baba da kansa na raka asibiti aka gwada masa jini. Kai ma ka je. Allah ya ƙara mana lafiya.